Ranar Wanka: Tsokaci a Kan Amanar Makaɗi a Gaban Jama'a

Da sanyin bara wani biki ya kai ni Abuja. Ɗiyar wani abokin karatuna aka aurar, kuma da yake tare muka sha wuyar makarantar kwana da shi, babu halin in aika da uzuri. An yi liyafar ne a wani makeken zaure da ke Wuse, irin waɗanda akan yi haya na 'yan sa'o'i, masu sanyin na'ura da fitilu launi-launi. Bayan an ci an sha, sai mai gabatarwa ya sanar da isowar mawaƙin da aka gayyato, wani matashi mai tashe, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin ba shi nake nufi da tuhuma ba. Ya shigo cikin shadda mai maiƙo, yara biyu na take masa baya, ɗaya riƙe da jakar tara kuɗi, ɗaya ɗauke da kwamfuta. Babu kalangu, babu kotso, babu ɗan amshi ko ɗaya. Aka danna, kiɗa ya tashi, murya ta fito tas kamar an wanke ta, mata suka cika fili, liƙi ya kankama.

Ana tsakiyar waƙa ta uku sai kwamfutar ta cije. Zaure ya yi tsit. Abin maganar da ke hannun mawaƙin lafiyarsa ƙalau, domin kowa ya ji sa'ad da ya juya ya ce wa yaronsa ya gyara. Wato ga mawaƙi, ga waƙar da ya tsara da kansa, ga jama'a sun zuba masa ido, ga kuma na'urar da za ta kai muryarsa kowane lungu na zauren, amma bai rera ko saɗara ɗaya ba. Ya tsaya yana murmushi yana gyara hula har kusan minti biyu. Da aka shawo kan na'urar sai aka mayar da waƙar farkonta, bakinsa ya ci gaba da motsi, masu liƙi suka ci gaba da liƙi.

Na duba fuskokin mutane ban ga ɓacin rai ba. Ga alama ni kaɗai na ji kamar an cuce ni. A hanyarmu ta komawa masauki na faɗa wa uban amarya abin da ke raina, sai ya yi dariya ya ce: "Haba Malam, ai kowa ya san haka ake yi yanzu. Wa aka yaudara?" Wannan tambaya tasa ita ce ta hana ni barci a daren, ita ce kuma ta haifi wannan ɗan rubutu. Ina roƙon mai karatu ya ajiye muhawarar halascin kiɗa a gefe guda. Wannan fagen malamai ne, kuma ba shi ya kawo ni ba.

Bari mu fara da yi wa matashin nan adalci. Ƙarya, a yadda Bahaushe ya fahimce ta, ita ce ka nuna wa mutum abin da ba haka yake ba da nufin ya ɗauka haka yake. A kasuwa sunanta algus: a zuba ruwa a nono, ko a jera manyan tumatir a saman kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da rarrabe mana tsakanin aibin da aka ɓoye da wanda aka bayyana. Idan mai saye ya ga aibin da idonsa, ya kuma ce ya ji ya gani, to, ciniki ya faɗa, ba shi da sauran ƙara. Wanda ya gayyato mawaƙin nan ya san da kwamfuta zai zo. Masu liƙi ma sun sani. Muryar da ke fitowa tasa ce, waƙar ma tasa ce, shi ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya rera ta. Wannan ya sha bamban da labarin wasu samari biyu da suka yi tashe daga ƙasar Jamus da sunan Milli Vanilli, waɗanda aka ba lambar yabo ta Grammy a 1990, aka kuma ƙwace ta kafin shekarar ta fita, bayan ta tabbata cewa muryoyin da ke cikin faifansu na wasu mutane ne dabam. Waɗancan sun sayar da abin da ba nasu ba. Namu kuwa nasa ya sayar, ga masu sayen da suka san abin da suke saye. In har tuhumar ƙarya ce, na sallame shi, ko da yake ba da son raina ba.

Sai dai halin kirki bai tsaya ga barin ƙarya kaɗai ba. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya yi a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya jera gaskiya ne tare da 'yan'uwanta, irin su amana da karamci da kunya da mutunci. Mutum na iya kuɓuta daga ƙarya amma ya kasa sauke amana. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, wace amana ce ke wuyan makaɗi a lokacin da ya tsaya gaban jama'a? Ban kama bakin zaren amsar ba sai washegari da la'asar, a wani wurin da ba shi da sanyin na'ura ko kaɗan.

Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a birnin shi ya ɗauke ni zuwa gidan damben Dei-Dei, can gaba da Kubwa a kan hanyar Zuba. Wanda bai san Abuja ba zai iya zaton duka garin ofisoshin gwamnati ne da tituna masu faɗi, tun da a takarda aka zana shi bayan dokar 1976, kafin gwamnati ta tare a cikinsa a watan Disamba na 1991. Amma mahauta da 'yan dako da dillalan shanu da masu sayar da katako da suka biyo birnin sun taho da nasu nishaɗin, kuma Dei-Dei, mai kasuwar dabbobi da ta kayan gini, tana cikin manyan matattararsu. Dambe dai asalinsa wasan mahauta ne, kalangu kuma kiɗansu ne. Duk inda aka kafa kwata, da wuya a rasa mai kalangu a kusa.

Dambe na je kallo, amma kunnena ya ƙi barin gefen makaɗa. Su shida ne: jagora riƙe da abin magana mai ƙarar tsatsa, masu kalangu uku waɗanda su ne kuma 'yan amshi, wani yaro mai kuntuku, da wani dattijo da ke sanƙiranci. Babu ɗayansu da ya san tsawon lokacin da turmi zai ɗauka, ko wanda zai sha ƙasa, ko ma wanda zai fito fili ya nemi abokin karawa. Don haka babu yadda za a yi su zo da waƙa ɗinkakkiya daga gida. Wani ɗan damben ɓangaren Arewa ya miƙe, hannunsa ɗaure da kara. Tun kafin jagora ya gan shi babban mai kalangu ya riga ya hango shi, sai ya saki takensa. Nan take ɗan damben ya fara tsuma, ya ɗaga hannu sama ya shiga kirari. Dole jagora ya dakata ya ba shi fili, sa'an nan da ya gama, sai jagoran ya tsinci wata kalma daga cikin kirarin ya gina sabon ɗan waƙa a kanta, kamar da ma can an shirya haka.

Ga wanda bai taɓa lura ba, kalangu kango ne mai siririn ƙugu, da fata a bakinsa biyu, da tsarkiyoyi da suka haɗa fatun. A hammata makaɗi ke riƙe shi. In ya matsa, fata ta ɗaure, sauti ya hau. In ya sassauta, sauti ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da faɗau, ƙwararren mai kalangu na iya bin karin magana har mai saurare ya gane abin da ake cewa. Take ke nan, wato magana ce ake yi da fata. Ashe ke nan a wannan gefen fili masu magana huɗu ne, jagora da kalangai uku, kuma kowannensu dole ya san lokacin da zai yi shiru.

A turmi na biyu abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Jagora na cikin wasa ɗan damben nan, ya ambaci garinsu da ubangidansa, ya ɗauko zancen cewa bayansa bai san ƙasa ba, sai abokin karawarsa daga ɓangaren Kudu ya shammace shi da wani naushi. Ya zube. A yaren dambe an kashe shi ke nan. Maganar da jagora ya faro ta zama ƙarya tun tana bakinsa, sai ya yi turus. Abin da ya biyo baya bai kai tsawon numfashi biyu ba. 'Yan amshi suka faɗo da gindin waƙa tun lokacinsa bai yi ba, babban mai kalangu ya ƙara wa hannunsa nauyi ya cike gurbin, yaron nan mai kuntuku kuwa ko gezau bai yi ba, ya riƙe ma'aunin kiɗan daram. Suka kewaya gindin sau uku. Da jagora ya dawo, da sabuwar magana ya dawo. Bai yi watsi da wanda ya faɗi ba. Ya tuna wa jama'a manyan da yaron ya taɓa kayarwa, ya ba shi haƙuri, sa'an nan ya juya ga wanda ya yi kisa, kalangu ya koma takensa. Na tabbata mafi yawan 'yan kallo ba su ma san an yi tuntuɓe ba.

Shiru biyu ke nan na ji a cikin kwana ɗaya. A zauren Wuse na'ura ce ta gaza, aka rasa mai rufa wa mawaƙi asiri. A filin Dei-Dei mutum ne ya gaza, abokan aikinsa suka rufa masa. Rufin asiri babban abu ne a wurin Bahaushe, har addu'a yake yi da shi safe da yamma, kuma ban taɓa ganin an aikata shi a fili cikin sauri da natsuwa irin na ranar ba. Masu kalangun nan ba su tsaya shawara ba. Ba su kuma yi amfani da tuntuɓen jagora sun nuna tasu bajinta ba, alhali kuwa ga dama ta samu. Sun riƙe masa wurinsa har ya dawo, suka kauce.

Sa'idu Muhammad Gusau da sauran manazarta waƙar baka sun ba mu sunayen waɗannan dabaru: gindin waƙa da ɗiyanta, da nau'o'in amshi irin su karɓi da ƙari da rakiya. A aji mukan koyar da su a matsayin salo, ɗalibai su haddace su rubuta a jarrabawa. Ni kaina na shekara da shekaru ina haka. Abin da ban faɗa wa ɗalibaina ba, domin ban gane shi sosai ba sai a Dei-Dei, shi ne cewa waɗannan dabaru ɗabi'u ne kafin su zama salo. Gindin waƙa hutu ne da 'yan amshi ke ba jagora domin ya numfasa ya yi tunani. Ɗan amshin da bai iya saurare ba, komai zaƙin muryarsa, ɓarna zai yi. Makaɗin da ke jin hannunsa kaɗai ba zai yi mako guda a ƙungiya ba. Yaron da ya tashi a cikin irin wannan aiki yana koyon haƙuri da sanin matsayi da kula da halin na kusa da shi, ba tare da an taɓa yi masa wa'azi a kansu ba.

A nan dole a ambaci Alhaji Mamman Shata Katsina, Allah ya jiƙansa, domin shi ne sarkin wannan fage. An sha ba da labarin yadda yakan ƙirƙiri waƙa nan take a gaban wanda yake yi wa, kuma duk wanda ya saurari Bakandamiyarsa a kaset dabam-dabam ya san ba ta fitowa iri ɗaya sau biyu. Wannan baiwa ta sa jama'a suka yi ta cewa aljanu ke ba shi waƙa. Irin wannan zato tsoho ne. Aflatun, a muhawarar da ya sa wa suna Ion, ya sa Sokaratis yana nuna cewa mai rera waƙoƙin Homa ba da sani yake yi ba, wani ƙarfi ne daga sama ke fizgarsa kamar yadda mayen ƙarfe ke jan zobba. Zancen na da daɗin ji, amma a ganina ƙwace ne da sunan yabo. Milman Parry da ɗalibinsa Albert Lord, da suka bi mawaƙan baka na ƙasar Yugoslabiya tun a shekarun 1930, sun nuna cewa mai waƙar nan take yana da rumbu na kalmomi da jimloli da tsare-tsare da ya tara a tsawon shekaru, daga ciki yake ɗiba yana ɗinkawa a gaban jama'a. Dandatti Abdulkadir ya nazarci Shata kansa a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988. Aikin ɗan Adam aka girmama a nan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke gani kamar saukar aljani, gumin shekaru ne na bin kasuwanni da bukukuwa da kwana a tasha. Kuma gumin ba na Shata kaɗai ba ne. Da masu kalangunsa ba su iya bin duk inda ya juya ba, da bai sami ƙarfin halin juyawa ba.

To, ko wannan na nufin sai waƙar nan take ce kaɗai mai sauke amana? A'a. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, tsararrun waƙoƙi suke yi. Sukan zauna da yaransu su tace su gyara, har ta kai jagora na faro jimla 'yan amshi su ƙarasa ta ba tare da kuskuren gaɓa ɗaya ba. Wannan ba ya samuwa sai da bita. Amma duk da bitar, ran da aka je gaban sarki da maƙogwaronsu za su rera, da hannunsu za su kaɗa kotso, kuma ana iya samun ranar da murya za ta dushe ko wani ya manta. Haka nan Ɗanmaraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa, ba shi da ma wanda zai rufa masa. Ashe ba sabuntar kalmomi ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko mutum ya tsaya a inda zai iya jin kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya bar gidansa ya zo ya zauna gabanka ya ba ka yammacinsa, abin da ba zai sake samu ba. Amanar da ke wuyanka ita ce kai ma ka ba shi naka, wato ka yi aikin a gabansa, da hatsarinsa da komai. Matashinmu na Wuse ya kawo jikinsa da shaddarsa, amma aikin ya riga ya yi shi watanni da suka wuce a wani ɗaki a rufe, inda in ya yi kuskure za a goge a sake.

Wannan fahimta ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka an yi wata ƙungiyar makaɗa mai suna Grateful Dead, wadda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1965, ta kuma ci gaba har rasuwar jagoranta Jerry Garcia a 1995. Sun yi wasa a gaban jama'a fiye da sau 2,000. Al'adarsu ita ce su ɗauko waƙa su buɗe ta a tsakiya, kowane makaɗi ya bi inda kunnensa ya kai shi yana sauraren 'yan'uwansa, wani lokaci na tsawon minti ashirin ko fiye, kafin su dawo gindi. Masoyansu da kansu sun yarda akwai dararen da kiɗan bai yi armashi ba, amma suka riƙa bin su gari-gari, domin daren da abin ya haɗu ba ya maimaituwa. Har izini ƙungiyar ta ba 'yan kallo su ɗauki wasan a kaset su yi musaya a tsakaninsu, muddin ba sayarwa za su yi ba. A nan gida kuma Fela Anikulapo Kuti, wanda ya rasu a 1997, an san shi da cewa yakan daɗe yana kaɗa waƙa a dandalinsa na Legas, amma da zarar ya sa ta a faifai ya daina kaɗa ta a gaban jama'a. Duk abin da mutum zai ce game da rayuwar waɗannan mutane, kuma akwai abin cewa da yawa, sun ɗauki taron jama'a a matsayin wurin yin aiki.

Yanzu bari in juya in soki kaina, domin akwai suka mai ƙarfi. Wannan 'yancin juya waƙa nan take da nake yabo, shi ne kuma makamin roƙo. Makaɗin da zai iya lallashin wanda ya faɗi a fili, shi ne zai iya hango mai babbar riga yana shigowa ya saki talakan da yake wasawa ya koma kansa. Shi ne zai iya yi wa wanda ya hana shi kyauta zambo a bainar jama'a, ya ɓata masa suna a cikin daƙiƙa ɗaya. Ba banza ba Bahaushe ya ajiye maroƙi a ƙasan tsanin daraja, yana ba shi yana kuma tsoron bakinsa. A Dei-Dei ma na ga yadda waƙa ke karkata duk inda takardar kuɗi ta fito. Mai suka zai iya cewa waƙar da ke cikin kwamfuta ta fi tsarki, tun da ba ta ganin aljihun kowa.

Na daɗe ina juya wannan magana. Abin da na gano shi ne, shigowar na'ura ba ta kashe roƙo ba, ta dai sauya masa lokaci. A yau ana biya ne tun kafin a shiga ɗakin ɗaukar sauti, a jera sunan ango da amarya da iyayensu, ko na ɗan takara da jam'iyyarsa, a ɗinke su cikin waƙar. Wanda bai biya ba, ko da shi ne ya riƙe amaryar tun tana goye, sunansa ba zai fito ba, kuma babu yadda za a saka shi a ranar. A tsohon tsari sanƙira na iya raɗa wa jagora cewa ga wata tsohuwa can a gefe, ita ta yi wahalar yarinyar, a ambace ta ko ba ta da ko sisi. Na ga an yi haka a kiɗan ƙwarya irin na su marigayiya Barmani Choge, na ga kuma tsohuwar ta fashe da kuka. Idon da ke hango mai kuɗi shi ne ke hango marar shi. In aka rufe shi domin gudun kwaɗayi, an rufe shi ga tausayi ma. Ban ce wannan ya wanke maroƙi daga laifin zambo ba. Mai ido dai ana iya kama shi da laifin inda ya duba, a kuma yaba masa in ya duba daidai. Kwamfuta ba ta cancanci ko ɗaya ba.

Suka ta biyu ta fi sauƙi. Ba domin faifai da kaset da taskokin gidajen rediyo irin na Kaduna ba, da muryar Narambaɗa ta bi shi kabari, da kuma ɗalibanmu ba su san yadda Ɗan Anace ya wasa Shago ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba ni da faɗa da ɗaukar sauti. Hoton mahaifina na rataye a ɗakina. Amma da yana raye, in na je gaishe shi ya aiko mini da hoton daga cikin ɗaki, ai da na ji ciwo.

Sauran tambayar uban amarya, wadda har yanzu ban amsa ta kai tsaye ba. Ya ce wa aka yaudara, kuma na yarda babu. Zai iya ƙarawa da cewa in ma akwai amana, masu ita sun yafe. Mu muka yafe, domin mu ne muke son jin waƙa daidai yadda take a wayoyinmu, ba ragi ba ƙari, mu ne kuma ba mu son biyan kuɗin mota da masauki da abincin mutum shida daga Kano zuwa Abuja alhali mutum ɗaya da jaka zai wadatar. Tun da fiyano ya shigo tare da finafinan Hausa a shekarun 1990, yaro ɗaya a ɗaki na iya fitar da amon kalangu da na ganga da na sarewa da yatsunsa. Matashin mawaƙin nan a cikin wannan tsari ya buɗe ido, kuma zalunci ne a ɗora masa laifin kasuwar da ya tarar. In akwai laifi, rabonmu a ciki ya fi nasa.

Amma mai haƙƙi haƙƙinsa kaɗai yake iya yafewa. A zauren Wuse akwai waɗanda ba a tambaya ba, domin ba sa nan: mutum biyar ɗin da ya kamata a ce suna tsaye bayan mawaƙin. Tun a zamanin da ana damawa da su ma ba mu yi musu adalci ba. Mai karatu ya gwada lissafa sunayen mawaƙan Hausa goma, zai yi cikin sauƙi. Sa'an nan ya gwada kawo sunan mai kalangu ɗaya da ya kaɗa wa Shata. Mun rubuta kundaye a kan jagorori, mun bar waɗanda suka riƙe musu waƙa a duhu. Yanzu kuma mun sallame su baki ɗaya ba tare da ko sallama ba. Irin saninsu kuwa ba ya zama a littafi ko a faifai. Faifai na iya adana abin da mai kalangu ya kaɗa, amma ba ya adana yadda ya san lokacin da zai shigo. Wannan sai yaro ya tsaya kusa da babba shekara da shekaru, ya yi kuskure a harare shi, ya gyara. In aka sami tsara ɗaya da ba ta tsaya ba, zaren ya tsinke, kuma jikokinmu, waɗanda su ma ba a tambaye su ba, ba za su san ma an yi asara ba.

Da aka tashi hutun magariba a Dei-Dei, na ratsa jama'a na je na gai da babban mai kalangun. Mutum ne da zai kai shekara sittin, yatsunsa duk kanta. Na ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, na tambaye shi yadda aka yi ya san jagora zai tsaya tun bai tsaya ba. Ya dube ni kamar wanda ya yi tambayar yara, ya ce: "Alhaji, ai numfashinsa nake ji. Tun ba shi da gemu nake bayansa." Na ce yaron nan mai kuntuku ɗansa ne? Ya ce a'a, ɗan maƙwabcinsa ne; nasa ɗan yana Kano yana koyon fiyano, ya ce a can kuɗin yake. Bai faɗi haka da ɗaci ba. Ya jawo kalangun ya shiga ɗaure wata tsarkiya da ta saki, domin an fara kiran 'yan wasa na gaba.

Sai da muka wuce Kubwa, fitilun birni sun fara bayyana, na tuna ban tambaye shi sunansa ba.